Nasiha ga Samarin Batsari da Safana Kan Mu'amala da 'Yan Jarida a Kasuwar Baje Koli

Ya ku ƙannena da 'ya'yana na ƙasar Ruma da ƙasar Yarima, tun da Allah cikin ikonsa ya nufi waɗansu daga cikinku da fara ɗaukar abin da hannuwanku suka noma ko suka sarrafa, kamar garin rogo da dankali da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zuma da kayan fata, kuna kai su manyan kasuwannin baje koli na Katsina da Kano da Kaduna, wani a ƙarƙashin rumfar jiha, wani da sunan ƙungiyar gama kai, wani kuwa da guminsa shi kaɗai, na ga ya wajaba a kaina in yi muku magana a kan wani mutum da za ku riska a can, wanda iyayenku ba su saba cin kasuwa da shi ba, saboda haka ba su bar muku gadon hikimar zama da shi ba. Mutumin nan shi ne ɗan jarida. Ba ya taya kaya, ba ya sallamawa, galibi ma ba ya sayen ko da kwalba guda, amma kalmomin da zai ɗauka daga bakinku cikin ɗan lokacin da bai kai na shan fura ba suna iya isa inda ƙafarku ba za ta taɓa takawa ba, su jawo muku alheri mai yawa, ko kuma, Allah ya kiyaye, su jawo abin da ba a fata.

Ku sani haɗuwar kasuwa da masu yaɗa labari tsohon al'amari ne. Malaman tarihi sun ambaci kasuwar Ukaza a ƙasar Hijaz, inda Larabawan Jahiliyya ke haɗuwa shekara-shekara, fatake na ciniki, masu fasahar harshe kuma na ɗaga sunan wata ƙabila suna kā da wata. A ƙasarmu ma, a shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina ya wuce Kano, ya rubuta abin da ya gani na saƙa da rini da jima, ya kuma faɗi yadda ciniki ya bar Katsina ya koma Kano. Har yau masu bincike da idon baƙon nan suke kallon kasuwannin kakanninmu, alhali waɗanda ya yi hira da su ba su san cewa maganarsu za ta yi shekara ɗari da ɗoriya tana yawo ba. Daga baya, a 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, editanta na Hausa kuwa, Malam Abubakar Imam, daga koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauke shi. Sai Sashen Hausa na BBC a 1957, sai gidan rediyon Kaduna a 1962, wanda ya zama abokin hirar manomi da makiyayi a kowane lungu na Arewa. Kasuwar baje koli ta Kaduna, wadda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Kaduna ta fara a 1979, ta tarar da waɗannan kafofi sun riga sun kafu, shi ya sa tun farkonta ba a raba ta da masu ɗaukar rahoto.

Mas'ala ta farko da nake so ta zauna a zukatanku ita ce sanin ko wane ne wannan mutum, domin yawancin ɓacin ran da ake samu tsakaninsa da ɗan kasuwa daga jahiltar matsayinsa yake tasowa. Mun taso mun san maroƙi da sanƙira, waɗanda ake ba su kyauta su wasa mutum a bainar jama'a. Mun kuma san dillali, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. To, da yawa daga cikinmu idan suka ga saurayi riƙe da na'urar ɗaukar magana sai su ajiye shi a ɗayan waɗannan gurabe biyu, su zaci yabo ya zo yi, ko kuwa ciniki ya zo ƙullawa. Alal haƙiƙa shi ma'aikaci ne mai ubangida, ubangidansa kuwa edita ne da ke zaune a ofis yana jiran labarin da zai sa mai sauraro ya bar abin da yake yi ya matso kusa da rediyo; kuma akwai sa'ar da aka yanka masa, wadda in ta wuce bai aika ba, aikinsa na ranar ya tashi a banza. Wanda ya fahimci haka ba zai tsare shi da doguwar gaisuwa da tarihin kakanni ba, ba kuma zai yi fushi ba idan ya yi magana mai tsawo aka sa jimla biyu kacal. Ku sani kuma, a jarida ba wanda ya yi hira da ku ne yakan rubuta kanun labari ba, aikin wani ne daban wanda bai taɓa ganin fuskarku ba.

Ranar buɗe kasuwa ba taku ba ce. Ranar gwamna ce da ministoci da sarakuna da manyan kamfanonin siminti da taki da bankuna, kuma duk wakilan kafofin labarai suna can gindin mumbari suna rubuta jawabai. Amma kasuwar Kaduna, wadda ake ci a filinta na kan hanyar Zariya, takan ɗauki wajen kwana goma, ta Kano kuwa a titin Gidan Zu ita ma kwanaki take yi, kuma a ranakun tsakiya, bayan manya sun watse, wakilin da aka ɗora wa kawo rahoto kullum yakan shiga zagaya rumfuna yana neman abin da zai cika filinsa. Nan ne rabon ƙaramin ɗan kasuwa yake. Haka nan akan keɓe wa jihohi da hukumomi rana ta musamman. Idan an keɓe wa Katsina, to ku tabbata rumfarku a share take, kayanku a jere, wanda ya fi ku iya magana kuma yana nan bai tafi yawon kallo ba. Ku tambayi masu shirya kasuwar inda 'yan jarida ke zama, ku je da safe ku yi sallama, ku faɗi sunan ƙungiyarku da lambar rumfarku da abin da ya bambanta kayanku, ku tafi. Wannan ya wadatar.

Abin da ya bambanta kayanku, na ce, domin a nan ne samari da yawa suke faɗuwa. Idan aka tambayi mutum me ya kawo, ya ce ya kawo kaya masu kyau masu inganci masu rahusa, to bai ce komai ba, gama duk rumfunan da ke filin haka suke cewa. Amma idan ya ce mu matasa ne kaza daga Batsari, ƙasar da aka sani da dankali da rogo, mun ga yadda dankali ke ruɓewa a hannun manomi lokacin kaka saboda kasuwa ta cika, sai muka koyi yanka shi da shanya shi da niƙa shi gari don ya kai bazara, to ya ba ɗan jarida labari mai kai da ƙafa: ga matsala, ga mutane, ga dabara. Ku shirya irin wannan bayani tun kuna gida, ku maimaita shi a gaban junanku har ya zauna a baki, ku rubuta shi a takarda guda da Hausa da Turanci tare da sunan ƙungiya yadda ake rubuta shi daidai, domin sau da yawa kuskuren suna da ake ji a rediyo daga hayaniyar fili yake zuwa, ba daga mugun nufi ba. Kuma ku zaɓi mutum ɗaya ya yi magana. Rumfar da mutum huɗu ke amsa tambaya ɗaya a lokaci guda, muryarsu ba ta shiga shiri. In kayan na mata ne, kamar man gyaɗa da daddawa, a bar wadda ta san aikin ta yi bayani da bakinta in ta yarda kuma magabatanta sun yarda, don ta fi kowane ɗan rakiya sanin sirrinsa.

Sa'an nan sai batun gaskiya, wanda malamanmu na fiƙihu suka riga suka gama mana shi tun kafin a ƙirƙiro rediyo. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ji an hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya, ya kuma ji ƙissar da ke cikin Sahihu Muslim ta mai tsibin abinci wanda ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi masa. To idan haramun ne a ɓoye aibi ga mai saye ɗaya da ke tsaye a gabanka, ina ga wanda ya yi ƙarya a cikin na'urar da za ta isar da ita kunnen dubban mutane? Ƙaryar baje koli kuwa iri biyu ce mafi yawa. Ta farko ita ce ƙarin gishiri a kan yawa: a tambayi mai buhu ashirin ko zai iya cika tirela, kunya da son burgewa su sa ya ce ƙwarai kuwa, sai wani attajiri a kasuwar Dawanau ya ji ya bugo waya, a rasa abin ba shi, sunan garin gaba ɗaya ya zube. Ta biyu ta fi muni, ita ce da'awar magani: mai zuma ko mai garin zogale ya ce kayansa na warkar da ciwon sukari da hawan jini. Wannan, ban da alhakin majinyacin da zai ajiye maganin asibiti saboda maganarka, laifi ne a wurin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna, kuma jami'anta su ma sukan kafa rumfa a filin. Idan kayanka ba su sami lambarta ba tukuna, ka ce ba su samu ba, ka faɗi inda ka kai a neman. Wannan ma labari ne, wataƙila ma ya sa wani mai iko ya ji irin wahalar da ƙaramin mai sana'a ke sha kafin ya yi rajista.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na keɓe ku da wannan nasiha ban haɗa ku da samarin Kano ko Zariya ba. Ku kun fito daga ƙasar da ke gefen dajin Rugu, kuma shekaru ke nan ba a ambaton Batsari da Safana a labarai sai tare da 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. Saboda haka ku sa a ranku, da zarar ɗan jarida ya ji daga inda kuka zo, idonsa zai bar kan garin rogonku ya koma kan wannan, domin shi ne abin da editansa zai fi so. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan, kuma ba don irinsa ba da duniya ba ta san halin da garuruwanku irin su Runka da Wagini da Ruma suka shiga ba. Amma ku kuna da abu biyu da za ku tsare waɗanda shi ba su dame shi kamar yadda suka dame ku ba: kasuwar kayanku, da kuma rayukanku da na iyalanku. Shi zai kwana a birni, ku kuwa za ku bi hanya ku koma gida.

Idan aka yi tambaya a kan tsaro, wanda ya ce lafiya lau ake, babu komai, ya yi ƙarya, ya kuma ci amanar maƙwabtansa da suka bar gonakinsu. Wanda kuma ya saki baki ya yi ta ba da labarin hare-hare, to gobe za a ji muryarsa a rahoton tsaro, ba a ko ambaci abin da ya kawo ba, kuɗin motarsa da na rumfa sun tafi a kan labarin da ba shi ya je bayarwa ba. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a amsa da gaskiya a taƙaice, a ɗaure amsar da sana'a: a ce haƙiƙa rashin tsaro ya taɓa mu, gonakin nesa sun gagara, kuɗin dako ya ƙaru, amma ga abin da muka iya fitarwa duk da haka, ga kuma abin da za mu iya in hanya ta yi kyau. Ta haka mai sauraro ya ji halin da ake ciki, ya kuma ji cewa a ƙasar nan akwai masu aiki, ba waɗanda ake yi wa jaje kaɗai ba. Kuna tune da watannin ƙarshen 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da naku biyu, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu. Wanda ya rayu cikin wannan ya san tsadar labari, ya san kuma cewa rediyo na shiga inda waya ba ta shiga. To ku tuna yana shiga daji ma. Waɗanda kuke tsoro su ma suna da rediyo da waya, suna kuma da masu kai musu rahoto a cikin gari.

Bisa ga wannan, akwai abubuwan da ba a faɗa wa na'ura ko da mai riƙe da ita ɗan'uwanku ne. Kada ku faɗi sunan ƙauyenku ko unguwarku, sunan ƙaramar hukuma ya isa. Kada ku faɗi adadin shanunku, ko buhunan da ke rumbu, ko cinikin da kuka yi a kasuwar, ko ranar da za ku koma da hanyar da za ku bi. Tambayar nan da suke so, wato nawa ka samu tun da aka fara, amsarta alhamdu lillahi, ana taɓawa. Lambar wayar da za ku bayar ta zama ta sana'a, wadda ba ita ce a hannun iyali ba, kuma in da hali sunan ƙungiya ya fito gaba da sunan mutum. Idan mai kyamara ne, kuna da haƙƙin ku ce a ɗauki kaya da hannuwa a bar fuska, ɗan jarida mai mutunci kuwa ba zai ƙi ba, musamman in kun faɗa masa dalili tun kafin ya kunna. Haka nan kada zafin abin da aka yi muku ya sa ku ɗora laifi a kan wata ƙabila ɗungurungum, ko ku ambaci sunan wani da zargi, ko ku yi magana da yawun hakimi ko jami'an tsaro alhali ba su aike ku ba. Magana zarar bunu ce, ta zamanin nan kuwa da ake sawa a Facebook da TikTok ta fi ta dā wuyar mayarwa, domin ko wanda ya sa ta ya goge, wani ya riga ya adana. A kan wannan ne ma nake cewa ku tambayi duk wanda ya nufo ku da waya daga wace kafa yake, ku nemi ganin katinsa cikin ladabi. Ba kowane mai ɗaukar hoto ne ke da editan da zai tsawata masa ba.

Saura mas'alar da ake jin nauyin faɗa, wato ɗan abin da ake dunƙulawa a ba wakili da sunan kuɗin mota ko na goro. Na san al'adar ta yaɗu, na kuma san akwai wakilan da albashinsu ba ya zuwa a kan kari, har wasu suka mai da wannan abin dogaro. Duk da haka ra'ayina shi ne ku nisance ta. Ba baƙo wurin zama da ruwan sha, da ɗan ƙuli-ƙuli ya ɗanɗana don ya san abin da zai bayyana, wannan karamci ne da aka san mu da shi. Amma kuɗin da aka bayar don a juya labari ya fi kusa da rashawa, ƙa'idojin aikin jarida ma kansu sun hana karɓarsa, ga shi kuma ba shi da rasit, in ba a sa labarin ba babu wanda za ka kai ƙara wurinsa. Wanda yake so a faɗi abin da yake so, yadda yake so, a sa'ar da yake so, akwai halastacciyar ƙofa, ita ce talla: ya je sashen kasuwanci na gidan rediyon jiha ko Companion FM a Katsina, ko Freedom Radio a Kano, ko jaridar Aminiya, a faɗa masa farashi, ya biya a ba shi takarda. In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiya ta yi karo-karo. Ku lura kuma, yawancin masu sayen kayanku da Hausa suke sauraro, saboda haka kada ku raina wakilin ƙaramin gidan rediyo kuna jiran na babbar jaridar Turanci.

Idan kasuwa ta tashi kun dawo gida, aikin bai ƙare ba. Ku tambayi wakilin tun a fili ranar da za a sa shirin, ku saurara, ku sa wani ma ya saurara. In an yi daidai, ku buga masa waya ku yi godiya, abin da mutane ƙalilan ke yi, shi kuwa ba ya mantawa da wanda ya yi. In an yi kuskure a suna ko farashi ko lamba, ku gaya masa shi kansa da farko cikin lumana ku nemi gyara, kada ku fara da zagi a intanet. Sai in ya ƙi, kuma kuskuren mai cutarwa ne, sa'an nan ku rubuta wa editansa. Ku adana lambarsa, lokacin kaka ku sanar da shi yadda amfani ya yi da yadda farashi yake a kasuwanninku, domin wakilin da ya sami mutum mai faɗa masa gaskiya a ƙasar da shi ba ya iya shiga kullum, zai riƙa nemansa da kansa. In ya nemi ya zo ya ga inda kuke aiki, kada son a gan ku ya sa ku jawo shi hanyar da ku kanku ba ku amince da ita ba. Ku shawarci manyanku, in sun ga lokacin bai yi ba, ku ɗauki samfurin kayan ku same shi a Katsina ko Dutsin-Ma, ku yi hirar a can.